Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Ban yi lakwal ba, karatun boko. Duk zaman da na yi a Damagaram, kalma ɗaya na riƙe ta Faransanci. Ba wanda ya koya mini ita. A likita na tsince ta, a ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya.

Ɗana na biyu na kai. Ya isa kiwon awaki lokacin. Bazara ce, wuyansa ya sandare. Lokotoro, mai duba marasa lafiya, ya buɗe idon yaron ya duba, ya juya wajen mai allura, ya yi magana gajeriya. A ƙarshenta na ji "mor". Na tambayi mai allura me aka ce. Ya ja zanen da na goyo yaron da shi, ya rufe masa fuska. Bayan shekaru na koma da ƙanwarsa, ita ma wuya. Wannan karon ban tambayi kowa ba. Da na ji kalmar, da kaina na ja zanen. Na uku mijina ne, shi mota ce a hanyar Takieta. Wani sandarma, jami'in tsaro, ya faɗi kalmar ga abokin aikinsa a kaina, yana zaton 'yar ƙauye ba ta ji. Na ji.

Ɗaya ta rage mini, ta farin.

A wajenmu, a ƙauyukan Dogo, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Kunya ce, haka muka tarar. Wasu matan suna sassautawa in yaro ya girma. Ni ban sassauta ba. "Ke" nake ce mata, ko "waccan", ko in yi magana da bango ita ta ɗauka. Kuma ina da wani dalili nawa da ban faɗa wa kowa ba. Biyun da suka tafi, sunansu kullum yana bakina. Na kira su da safe, na kira su da yamma, har kirari na yi musu. Wadda ban taɓa kira ba ita ce ta zauna. Na san rai na Allah ne. Malamin unguwarmu ya faɗa, na yarda. Duk da haka na riƙe bakina.

Bayan rasuwar mijina ƙanwarsa ta ɗauko mu, muka dawo gari, cikin Birni. Ita kunu take sayarwa a bakin hanya. Ni wanki da daka a gidajen mutane. Gwaggo muke ce mata, ni da yarinyar duka, ita kuma "matarmu" take ce mini, tunda matar wanta ce ni. Bakinta ba ya rufuwa. Ta nan maganata take bi. In ina son yarinyar ta ji abu, Gwaggo nake gaya wa, ko da yarinyar tana zaune a tsakaninmu. Wata rana, tana ƙarama, na ji ta ta bayan labule tana tambaya, "Gwaggo, Inna ta san sunana kuwa?" Gwaggo ta ce, "Ta sayar da shi ta sayi gishiri." Suka yi dariya. Na ci gaba da ninkin kaya.

Wanda ya zauna Zinder, Damagaram ɗin nan tamu, ya san wahalar ruwa. A layin pampo yarinyar ta girma, bido, jarkar ruwa, ɗaya a ka, ɗaya a hannu. Na zaci nauyin zai danne ta. Sai ta yi ta tsawo, har ta fi ƙofar ɗakinmu. Wani mushe, malami a lakwal ɗinsu, ya ga tsawon, ya ba ta balo, ƙwallon wasa, ya nuna mata kwando mara gindi a saman ƙarfe. Da aka ba ni labari na ce kwandon da ba ya riƙe komai ban ga amfaninsa ba. Ba wanda ya saurare ni. Ta gama lakwal, ta shiga jami'a, aka sa ta cikin 'yan matan da ke yi wa jami'ar wasa. Ban hana ba, ban je kallo ba. Uwa ba ta zama a bainar jama'a tana kallon 'yar farinta. Rigar wasan dai ni nake wankewa. Ja ce, da lamba a baya. Ban iya karanta lambar ba, amma na san siffarta.

Shekarar da nake magana a kai, an tara 'yan matan jami'o'in ƙasar nan a garinmu, a ga waɗanda za su ɗauki kofi. Na Yamai sun zo, na Maraɗi, na Tawa, na Agadas. Waɗanda aka ci su kama hanyar gida. Tsakiyar bazara ce, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Ba na ƙaunar bazara. Ita ta ɗauke mini biyu.

Yarinyar tana kwana can tare da abokan wasanta. Gwaggo ke kawo labari daga bakin hanya. Sun ci waɗannan, sun ci waɗancan, sun kai wasan ƙarshe, su da 'yan Yamai. Ana gobe wasan ta zo gida bayan azahar karɓar rigarta.

Tun daga zaure na gani. Gwaggo ta yi mata magana daga gefe. Ba ta juya kai ba, jikin duka ta juyar, kamar wadda ta ɗauko tulu cike.

Ina tankaɗe. Hannuna ya tsaya.

"Gwaggo," na ce, "tambayi waccan me ya sami wuyanta."

"Ba komai, Inna." Ba ta jira Gwaggo ba. "Gwiwar hannu ce. Wata 'yar Maraɗi ta same ni jiya muna rububin balo."

"Gwaggo, ce mata ba ita na tambaya ba."

"To matarmu, wa kika tambaya? Ni na buga da 'yan Maraɗi?"

Ɗana ma da nasa ya fara, cewa ya yi kwanciya ce ba daidai ba.

Sanƙarau yana da alama ɗaya da kowace uwa ta ƙauye ta sani. A ce wa yaro ya sa haɓarsa a ƙirji. In ta taɓa, a gode wa Allah. In ta ƙi, a nemi amalanke. Ba zan iya ce mata ta yi ba. Faɗa kamar kiran abin ne. Sai na saki ludayi daga hannuna, ya faɗi daidai ƙafarta. Ta dube shi da ido kawai. Ta lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, kai a miƙe, ta lalubo shi ta miƙo mini. Haɓar ba ta sauka ba.

Na karɓa, na bar yatsuna suka taɓa nata. Da zafi. Amma ludayin ma da zafi, tabarma da zafi, ni kaina da zafi. Ban gane komai ba.

"Gwaggo, ce mata gobe ta zauna gida."



"Inna, wasan ƙarshe ne fa."

"Ce mata na ji."

"Mai dubamu ya duba ni. Ya shafa mini magani. Ya ce tsoka ce."

"Ce mata na ga masu dubawa."

Gwaggo ta ajiye muciya. "Haba matarmu. Yarinya ta kai inda garin nan duka ke kallonta, ki ce ta zauna ta taya ki tankaɗe? Wuya ne fa kawai. Ni nawa kullum ciwo yake, ga ni ina cin tuwo."

"Naki na surutu ne."

Yarinyar ta yi dariya. Dariyar ta tsaya a rabi, ta kai hannu ƙeya. Na ga wannan ma.

Ta naɗe rigar ta sa a jaka. Ta durƙusa a gabana yadda take yi in za ta jarrabawa. "Inna, a sa mini albarka." Da na dube ta a ido na ce kada ki tafi, da bakina, da ta zauna. Na san wannan. Amma sai na faɗi dalili, dalilin kuwa ba zai fita daga bakina a kanta ba. Na dubi rariya na ce, "Allah ya tsare." Ta tafi. A ƙofar zaure gwiwa ta lanƙwasa, ba kai ba.

Washegari na je gidan da nake wanki da safe. Na jiƙa kaya, na manta ban sa sabulu ba. Matar gidan ta ce ko ba ni da lafiya. Na ce lafiya lau. Na shanya abin da na iya, na dawo. Na yi sallar azahar, na ɗaura zane, na ɗauki mayafi. Na ɗauki wani zane na biyu, na naɗe, na sa a hammata.

Gwaggo ta dubi zanen, ta dube ni. Tana nan ranar da na rufe ƙanwar yarinyar. Wannan karon ba ta yi wasa ba.

"Ajiye wannan."

"A'a."

"Matarmu, don Allah."

"In za ki, mu je. In ba za ki ba, nuna mini hanya."

Ta yafa mayafi. Ba ta yi magana ba har muka fita daga Birni. Ban taɓa jin ta yi shiru mai tsawon haka ba.

Filin siminti ne da fararen layuka, ƙarfe a wannan kai, ƙarfe a wancan, an zagaye shi da igiya. Mutane sun cika benci, sun hau katanga, wasu suna kan bishiyar dogon yaro. 'Yan jami'a sun kawo ganguna da bido marasa ruwa suna kiɗa. A gefe akwai tebur, mutane na zaune, ɗaya yana riƙe da abin magana. Duk abin da ya faɗa lasifika ta watsa, da Faransanci. Bakin Gwaggo ya dawo. Ta ture, ta yi faɗa, ta ce wa wasu samari su ji kunyar furfura, har muka sami gefen bencin gaba, kusa da wani dattijo mai tsohuwar hular soja. Ta buɗe baki za ta gaya masa ko uwar wa ce ni. Na taka mata ƙafa.

Suka fito. Namu ja, baƙin shuɗi. Dogon wando a ƙarƙashin gajere, kai a ɗaure. Na gane ta tun kafin ta juya baya. A gida kullum a sunkuye take, don ƙofa, don rufi, don ladabi. A nan ba abin da ya fi ta tsawo sai ƙarfen. Ban taɓa ganinta a miƙe haka ba.

Wasan ban gane shi ba, ban kuma yi ƙoƙari ba. Su ruga can, su rugo nan, mai usur ya busa, a yi ihu. Takalma suna kuka a kan siminti. Ni wuya ɗaya nake kallo. Tana ɗaga kai ta dubi kwando, amma ɗaga kai ba shaida ba ce, mai sanƙarau baya kansa ke tafiya. Ƙasa nake jira. Ba ta duba ƙasa ba. Balo yana tafiya a ƙarƙashin hannunta, idonta na gaba, kamar mai daka da ba ta duban turmi.

"Mun wuce su!" in ji Gwaggo. Can kuma, "Sun kamo mu, 'yan banza! Kai mai usur, idonka a aljihu yake?"

"Hajiya, wannan ba laifi ba ne," in ji dattijon.

"Kai ka haife ta?"

"A'a."

"To kalli gabanka."

A cikin 'yan Yamai akwai wata mai faɗi. Ba ta kai tawa tsawo ba, amma kafaɗa gare ta irin ta mai sussuka. Ita aka sa wa tawa. Duk inda ta tsaya tana manne da bayanta, tana turawa da ƙirji. Tawa tana mayarwa. Ban san ta iya ture mutum ba. Sau ɗaya ta yi tsalle ta mare balo daga hannun mai kafaɗar, ya tafi har cikin mutane. Katanga ta kusa faɗuwa don ihu. Da ta sauko ta kai hannu ƙeya. Ba wanda ya gani sai ni.

Aka huta, aka dawo. Rana ta yi ƙasa, inuwar ƙarfen ta kai tsakiyar fili. Ta zuba ruwa a wuya, ta rufe ido, ta tsaya hannu a kugu. Ɗana gudun haske yake yi a ranarsa ta ƙarshe, ya yi ta rufe ido. Na matse zanen a hammata. Gwaggo ta miƙo mini ruwan leda. Na riƙe shi har ya yi ɗumi, ban sha ba.

Zuwa can kiɗan ya canza, mutane suka miƙe tsaye. Dattijon ya ce lokaci ya kusa ƙarewa, baƙin sun fi mu da kaɗan. Wata 'yar ƙarama cikin namu ta fizge balo ta jefo mata. Ta cafe ta ruga, daga ita sai mai kafaɗar. Ta tashi sama. Waccan ma ta tashi. Suka haɗu a iska. Ban ce da gangan ba ne, kowacce aikinta take yi. Ƙafafun tawa suka wuce gaba, ta sauko da baya. Na ji ƙarar daga inda nake.

Mai kafaɗar ta tashi. Tawa ba ta tashi ba.

Usur. Ganguna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Balo ya yi ta birgima shi kaɗai har ya zo ya tsaya a bakin igiya. Ƙafarta ɗaya a lanƙwashe, hannu a buɗe. Na jira yatsa ya motsa.

Malamin wasansu, wani siriri mai gemu, ya dube ta. Bai je wajenta ba. Lokotoro ma haka ya yi, ya duba, ya juya wajen wani. Malamin ya ruga tebur yana buga yatsa a tafin hannu, yana ihu. Mai abin magana ya ɗauka, lasifika ta watsa wa garin duka.

"Tan mor! Tan mor!"

Ta farkon ban san ta ba. Ta biyun tawa ce.

Na ce a raina, to shi ke nan, babu sauran abin ɓoyewa. Tun ranar suna nake riƙe da shi a bayan haƙori don ta zauna. Ba ta zauna ba. Sai na sake shi. Na kira ta. Sunanta na yanka, cikakke, da jan ƙarshen nan da muke yi a ƙauye in ana kiran mutum daga wata gona. Filin ya yi tsit lokacin, kowa ya ji. Ban san muryata tana da wannan girman ba. Na sake kira.

Ban san yadda na tsallake igiya ba. Wani sandarma ya tare ni da hannu, na bi ta ƙarƙashi. Takalmina ɗaya ya zauna a can. Simintin ya ƙona mini tafin ƙafa, sai daga baya na sani. Na ture 'yan matan da suka kewaye ta, na durƙusa, na warware zanen.

Idonta a buɗe yake. Bakinta a buɗe, tana jan iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ni take kallo.

"Inna," ta ce da ƙyar. "Me kika ce?"

Na tsaya da zane a hannu biyu.

"Inna, ke kika kira?"

"An ce kin mutu."

"Wa ya ce?"

Na nuna lasifika da baki.

Ta rufe ido, ƙirjinta ya fara rawa. Na zaci abin ne ya zo. Dariya ce. Tana yi tana riƙe haƙarƙari.

"Wayyo Inna. Ba ni ba ce. Lokaci ne. Lokaci ne ya mutu."

"Lokaci yana mutuwa?"

"Hutu ne. Haka ake ce masa. Mushe malamin wasanmu ne ya nema, don in samu in tashi, kada a fitar da ni."

Malamin ya iso tare da wani mai jaka. Mai jakar ya duba idonta, ya taɓa ƙeyarta, ya yi mata tambayoyi, ta amsa. Iska ce ta fita daga ƙirjinta, in ji su, kan bai bugu ba. Malamin ya ce mini da ladabi, "Mama, a yi haƙuri, a ba mu wuri." Maganar ta riga ta bazu, daga 'yan matan zuwa benci, daga benci zuwa katanga. Na ji dariya tana zagaya fili. Mai kafaɗar ba ta yi dariya ba. Ta je ta ɗauko takalmina, ta rusuna, ta ajiye a gabana.

Dariyar ba ta dame ni ba. Na ga abin da ya fi dariya. Abin da ya dame ni shi ne tana da rai, kuma na kira.

Ta zare zanen daga hannuna, ta goge fuska, ta goge wuya, ta mayar mini. Ba ta tambayi abin da na kawo shi yi ba. Ina jin ta sani. Aka kama ta ta miƙe. Kai a miƙe har yanzu.

"Inna, in koma?"

Gwaggo ba ta kusa. Babu bango. Na dube ta a ido.

"Wuyan fa?"

"Tsoka ce, Inna. Wallahi."

"Je ki."

Ban koma benci ba, na tsaya a bakin igiya. Masu ganga suka ɗauki sunan. Ba yadda suke kiranta a jami'a ba, yadda na kira shi, da jan ƙauyen da komai. Benci ya amsa, katanga ta amsa, na kan dogon yaro suka amsa. Har muryar Gwaggo na ji a ciki. Abin da na ɓoye shekara da shekaru, ga shi a bakin garin duka, ana jifa da shi sama, duk mai kunne yana ji. Na so in ce su yi shiru. Wa zai saurare ni?

Mai usur ya ba ta balo, ya tsayar da ita a wani layi ita kaɗai, sauran suka jeru gefe da gefe. Na ji dattijon yana gaya wa Gwaggo jifa biyu aka ba ta saboda faɗuwar, ba mai taɓa ta. Kiɗa ya tsaya.

Ta gyara ƙafa. Ta dubi kwando. Sannan ta fara sunkuyar da kai, za ta dubi balon. A hankali kan yake sauka. Ta yamutsa fuska. Bai tsaya ba. Haɓar ta zauna a kan jar riga. Ta buga balo a ƙasa, ta sake bugawa, haɓar tana nan a ƙirji.

Na zauna a ƙasa, nan bakin igiya, cikin ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa. Na ji ihu. Na sake jin wani iri daban. Ban ɗaga kai ba. Gwaggo ce ta gaya mini daga baya, ta farko ta shiga, ta biyu ta zagaya baki ta fito.

Kofin ya tafi Yamai. Da kaɗan, in ji su. 'Yan matan suka zube a siminti suna kuka, tawa a ciki, har da shessheƙa. Gwaggo ta ce in je in ba ta haƙuri. Ban je ba. Na tsaya ina kallo. Mai rai ne ke kuka.

Unguwa ta sami abin yi. A layin pampo mata suna ce mini, "Ina kwana, tan mor?" Gwaggo ba ta zuba wa kowa kunu sai ya ji labarin, kullum yana ƙara tsawo. A bakinta har sandarman na kayar. Yarinyar ma ba ta bar ni ba.

"Inna, ashe kin san shi. Na zaci da gaske an sayi gishiri."

"Gwaggo, ce mata ta ci abinci."

"Sake faɗa sau ɗaya. Ban ji da kyau ba, ina kwance."

"Ce mata tuwon zai huce."

Suna dariya, ni jira nake. Sunan ya fita, bazara ba ta ƙare ba. Wuyan ya saki bayan kwanaki, ni ban saki ba. In tana alwala ina duban yadda take sunkuyawa. In ta ce kanta na ciwo don karatu, abinci ba ya wuce mini. Zanen na wanke shi, na naɗe, ban mayar akwati ba. Sanƙarau ruwan farko ke korarsa, kowa ya san wannan. Kullum ina duban gabas.

Ruwan ya zo wata la'asar. Gabas ta yi baƙi, iska ta tashi, sai ga shi a kan rufin kwano. A Zinder ba a barin ruwan sama ya zuba a banza. Gwaggo tana bakin hanya tana kwashe kayan kunu. Ni kaɗai ce a tsakar gida, indararo yana zuba, robobi duk suna ɗaki, ita tana ciki tana karatu. Ba wanda zan aika. Na buɗe baki zan ce "ke". Ruwan yana da ƙara, "ke" ba zai kai ba. Haka na gaya wa kaina.

Na kira. Ba da ƙarfi ba, ba jan ƙauye. Yadda ake kiran mutum a gida.



"Na'am, Inna."

"Fito da robobi."

Ta fito, roba a kowane hannu. A ƙofa ta sunkuyar da kai.